IN LOMA TA ƘI WUCEWA

Duk wanda ya san Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya san ƙasar doya ce. Da kaka ta yi za a ga motoci shaƙe da ita suna fitowa daga wajen Doma da Obi da Awe, wasu su nufi arewa ta Akwanga, wasu su gangara kudu ta Makurɗi. Wadda ta rage a gida ita ke zama sakwara, ga kuma tuwon shinkafa da na dawa da teba. Dukkansu abinci ne da ba a cika taunawa ba, akan yanko loma ne a dangwali miya a tura. Saboda haka a irin wannan ƙasa, in hanyar abincin mutum ta soma samun matsala, a gaban akushi ake fara ganewa.

Sai dai ganewar ba ta cika kai mutum asibiti ba. Abin da yakan faru shi ne, magidanci ya ji loma ta tsaya masa a ƙirji, sai ya bi ta da ruwa ta wuce. Gobe ya rage girman lomar, jibi ya ce a riƙa yi masa miyar kuɓewa don santsi. Bayan wata biyu ya bar nama, ya bar sakwara, ya koma fate. Daga fate sai kunu, daga kunu mai kauri sai tsinkakke. Iyali su ce ai maigida ba ya son abinci ne kwanan nan, wasu su ce gyambon ciki ne, wasu kuwa su rantse an ba shi wani abu ya ci a wurin biki. A nemo saiwa, a nemo jiƙo. Ran da ruwa ma ya ƙi wucewa, ran nan ake neman mota, alhali mutum ya riga ya zama ƙashi da fata.

Wahalar haɗiya alama ce, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta, kuma cututtukan da ke ɓoye a bayanta suna da yawa. Wasu ƙwayar magani ta mako biyu ta ishe su, wasu sai tiyata, wasu kuwa watannin nan da aka ɓata ana shan kunu su ne ke raba mai warkewa da wanda ba zai tashi ba.

YADDA HAƊIYA TAKE

Mutum yakan haɗiyi abu sau ɗaruruwa a yini, har da yawun bakinsa, ba tare da ya lura ba. A can ƙarshen baki hanya ta rabu biyu. Ta gaba ita ce ta iska, mai zuwa huhu. Ta baya ita ce ta abinci, watau wani bututu na tsoka mai tsawon kamar santimita 25, wanda ya bi ta bayan zuciya ya sauka a tumbi. Duk sa'ad da aka tura loma, wani ɗan marfi yakan rufe hanyar iska, numfashi ya dakata, bututun ya karɓi lomar ya riƙa matsa ta ƙasa kamar yadda ake tatsar saniya, har ta isa wata ƙofa a bakin tumbi mai buɗewa ta kuma rufe. Ƙwaƙwalwa ce ke tafiyar da wannan aiki duka ta hanyar jijiyoyi.

To, matsala takan zo ta ɗayan hanya biyu: ko dai jijiyoyi da tsokar sun kasa aikinsu, ko kuwa wani abu ya ƙuntata bututun. Shi ya sa likita yakan fara da tambayar inda abin ke tsayawa. Wanda da ya kurɓi ruwa sai ya ƙware, ya kama tari, ko ruwan ya biyo ta hanci, matsalarsa tana maƙogwaro. Wanda kuwa ya haɗiye lafiya, sa'an nan ya ji abin ya tokare masa ƙirji, tasa tana cikin bututu. Tambaya ta biyu ita ce, me ya fara ƙin wucewa, tuwo ko ruwa? In tuwo ne da nama suka fara, ruwa yana wucewa, galibi hanya ce ke tsukewa. In kuwa tun farko da tuwo da ruwa duk suna ba da wahala, an fi zargin tsokar.

TSOFAFFI DA SHANYEWAR ƁARIN JIKI

Mafi yawan masu matsalar maƙogwaro tsofaffi ne, musamman waɗanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Kusan rabinsu sukan sami wahalar haɗiya a kwanakin farko. Masu ciwon karkarwa da masu gigin tsufa su ma haka. Haɗarin a nan daga ƙauna yake fitowa. Dattijo yana kwance ba ya magana, 'ya'ya da matan gida suka kewaye shi, wannan ta ɗura masa kunu, wancan ya ɗura masa ruwan magani, duk yana kwance rigingine. Marfin hanyar iska ba ya rufewa da kyau, sai abin da aka ɗura ya gangara huhu. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi nauyi, a ce ciwon ne ya ƙaru, nan kuwa ciwon huhu ne sabo aka jawo.

Abin mamaki, ruwa tsinkakke ya fi koko mai kauri wuyar haɗiya ga irin wannan majinyaci, don ruwa gudu gare shi, ba ya jiran marfi ya rufe. Ana zaunar da mutum ne tsaf, a ba shi da ƙaramin cokali, ya ɗan sunkuyar da haɓa, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, a bar shi zaune kamar rabin sa'a bayan ya gama, a kuma wanke masa baki. In likita ya ce sai an sa robar hanci, kada a ɗauka sallama ce. Mutane da yawa suna tsoronta don sun saba ganinta a jikin waɗanda suka yi nisa, amma ga mai shanyewar jiki gada ce kawai, domin yawancinsu haɗiya takan dawo cikin 'yan makonni.

SODAR SABULU

A cikin dukkan dalilan nan babu mai ban takaici kamar wannan, don yara ƙanana yake kamawa, kuma a gida ake haɗa shi.

Sana'ar yin sabulu, na ruwa da na sanda, ta yaɗu a tsakanin matan Lafiya kamar yadda ta yaɗu a sauran garuruwan ƙasar nan, kuma sana'a ce mai rufin asiri. Jigon haɗin shi ne kostik soda, wadda ake saye a kasuwa a ƙulle cikin leda. Akan jiƙa ta a bar ta ta kwana kafin a yi aiki da ita. Ga inda gizo ke saƙar: jiƙaƙƙiyar soda fara ce tas kamar ruwan sha, ba ta da wari, kuma sau da yawa a cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo ko bokitin ɗaki ake ajiye ta. Yaro ɗan shekara biyu ko uku ya dawo daga wasa da ƙishirwa, ya ga gora a ƙarƙashin gado, ya kafa kai. Kurɓi guda ya isa.

Soda narkar da nama take yi, tana kuma ratsawa can ciki. Da farko za a ga leɓe da harshe sun kumbura, yawu na dalala, yaro na ihu. Bayan mako guda ko biyu bakin ya warke, yaro ya soma karɓar abinci, iyaye su yi hamdala su ce an tsallake. A nan ne akan yi kuskure. Ƙunar da ke cikin bututu tana warkewa ne da tabo, shi kuwa tabo tsukewa yake yi, kamar yadda ƙunar wuta ke janye fatar hannu. Daga mako na uku zuwa wata biyu ko uku sai a ga yaron da ya soma ci ya koma amayar da duk abin da aka ba shi, yana kallon tuwo yana kuka, yana ramewa a gidan da abinci bai yanke ba. Ruwan batirin mota, da man sassauta gashi, da wasu magungunan kashe ciyawa da manoma ke ajiyewa a ɗaki, su ma sukan yi irin wannan ɓarna.

Abin da aka saba yi in yaro ya sha guba, watau a ɗura masa manja ko a sa masa yatsa ya yi amai, a nan ƙara ɓarna yake yi, domin sodar da ta ƙone hanya da shiga za ta sake ƙone ta da fita, ta yiwu ma ta faɗa huhu. Kada kuma a ce za a kashe kaifinta da lemon tsami ko tsamiya. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke baki da fata da ruwa mai yawa, a ɗauki gorar da ya sha a tafi da ita asibiti nan take, ko da ana ganin yaron ya yi shiru. Likitoci sun fi son su leƙa bututun cikin kwana na farko, don su san zurfin ƙunar.

In hanya ta riga ta tsuke, magani yana nan amma doguwar tafiya ce. Akan sa wa yaro maganin barci a zura wasu sanduna masu laushi, daga siriri zuwa mai kauri, a riƙa buɗa wurin, kuma akan maimaita wannan sau da yawa cikin watanni. Wani sai an huda masa ciki an sa roba ana ba shi abinci kai tsaye cikin tumbi har ya yi ƙarfi. Wanda nasa ya ƙi buɗuwa sai babbar tiyata, a yanko wani sashe na hanjinsa a yi masa sabuwar hanya, aikin da sai a manyan asibitocin koyarwa ake yin sa, da kuɗin da ribar sabulu ta shekaru ba za ta biya ba. Har ila yau, wanda soda ta taɓa ƙone wa bututu yana cikin haɗarin ciwon daji a wurin bayan shekaru masu yawa, don haka ba a yanke zuwa asibiti. Masu koya wa mata wannan sana'a, ko hukuma ce ko ƙungiya, sun koyar da awo da haɗi. Ya kamata darasin farko ya zama na inda za a kulle soda da irin mazubin da ba za a zuba ta ciki ba.

CIWON DAJI DA ƘWANNAFI

Magidancin da ya sauko daga sakwara zuwa kunu cikin 'yan watanni, yana kuma ramewa, musamman in ya haura shekara 50, abin da likita zai fara kawarwa a kansa shi ne ciwon daji na bututun abinci. Bututun yana da saurin miƙewa, shi ya sa ƙari yakan daɗe yana girma ba a ji komai ba. Galibi sai faɗin hanyar ya ragu zuwa kamar milimita 13, watau kaurin ɗan yatsa, sa'an nan loma ke soma tsayawa. Ashe ran da mutum ya fara jin tokarewa, ciwon ya riga ya yi tafiya, balle a ƙara masa wata shida.

A shekarar 2022 mutum fiye da rabin miliyan ne suka kamu da wannan ciwo a duniya. Ya fi tsanani a ƙasar Sin da gabashin Afirka, irin su Malawi da Kenya, amma akwai shi a nan ma. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo shi, ko ta kwalba ce ko burukutu ko ogogoro, in kuwa aka haɗa biyun abin ya fi muni. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi. Masu kurɓar shayi da koko suna tururi sai su riƙa bari ya ɗan huce. Magani ya danganta da lokacin da aka zo: in da wuri ne akan yi tiyata a haɗa da allurai da gashi na na'ura, in an makara, akan sa wani ɗan bututu na ƙarfe a buɗe hanya don mutum ya samu ya ci abinci.

Ba kowace tsukewa ce daji ba. Ƙwannafi na shekara da shekaru, watau ruwan tsamin tumbi da ke tasowa yana ƙona ƙasan bututu, shi ma yakan bar tabo. Wannan ana buɗa shi, a ɗora mutum kan magani irin su omefirazol, a hana shi kwanciya sai bayan sa'a biyu ko uku da cin tuwon dare. Amma fa wanda loma ke tsaya wa kada ya tsaya sayen wannan magani a kemis wata da watanni, domin yakan kwantar da zafin ƙirji ya bar ƙari yana girma. Ƙwayoyin magani ma, irin su doksisaikilin, in aka haɗiye su ba ruwa aka kwanta, sukan maƙale su yi gyambo.

Akwai kuma wata cuta da likitoci ke kira akalashiya, inda ƙofar bakin tumbi ke ƙin buɗewa. Takan kama har matasa, tuwo da ruwa duk su riƙa tsayawa, da dare abincin jiya ya dawo baki. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana ta tun 1674, ya kuma ba majinyacinsa sanda ta ƙashin kifin teku mai soso a baki yana tura abinci da ita. A 1913 wani likitan Jamus, Ernst Heller, ya fito da tiyatar tsaga tsokar ƙofar, wadda har yau ake yi, ko kuwa a buɗa ta da balan-balan.

MAƘOƘO, MASHAƘO DA BELI

Wani lokaci daga waje ake danne hanyar. Maƙoƙo in ya girma yakan yi haka, kuma tsakiyar Nijeriya ta daɗe da saninsa. Rashin sinadarin aidin ne babban dalilinsa, rogon da bai jiƙu da kyau ba kuma yana ƙara masa ƙarfi. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a ƙasar nan, abin da ya rage cutar ƙwarai. Keana da Awe sun shahara da dafa gishiri tun kaka da kakanni, gishiri ne mai daɗi, amma duk gishirin da ba a zuba wa aidin ba ba ya tsare mutum daga maƙoƙo. Wanda ya riga ya danne wuya sai tiyata.

In wahalar haɗiya ta zo farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon wuya, galibi kumburin maƙogwaro ne mai wucewa. Amma tun da mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya bazu zuwa jihohi da dama, bai kamata a yi sakaci da yaron da wuyansa ya kumbura, aka kuma ga wata fatar toka-toka a maƙogwaronsa ba. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 tana tsare shi. A irin wannan hali ne akan kira wanzami ya cire beli. Wanzanci tsohuwar sana'a ce mai daraja, amma beli bai tare wa kowa abinci ba. Yanke shi yakan jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, ciwon na ainihi kuma yana nan inda yake.

Mai jin zafi in yana haɗiya, da farin abu kamar dusa a harshe, ya nemi gwajin ƙanjamau da na ciwon sukari, domin wannan farin abu yakan sauka har bututu in garkuwar jiki ta yi rauni, kuma maganin mako biyu ko uku yakan share shi. Wanda kare ya ciza kuwa, kada a jira sai ya soma firgita da ganin ruwa, don in an kai nan babu sauran dabara. A wanke cizon da ruwa da sabulu na minti 15, a je a fara allura a ranar.

ƘAYA DA BATIR

Ƙayar kifi ko ɗan ƙashi in ya maƙale, al'ada ita ce a bi shi da ƙatuwar lomar tuwo. Wani lokaci ya wuce, wani lokaci kuwa lomar ta ƙara kafa shi har ya huda bututu. In an kwana ana jin sukar, ko yawu ya ƙi haɗiyuwa, likita zai ciro shi. Wanda ya fi gaggawa shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da fitilar wasan yara, domin cikin sa'a biyu yakan soma cin naman bututu. Yaron da ya wuce shekara guda ana iya ba shi zuma cokali biyu na shayi kowane minti 10 a kan hanyar asibiti, har sau shida, amma zumar ba ta maye gurbin ciro batirin.

A ASIBITI

Mutumin Lafiya da kewaye yakan fara ne da asibitin da ke kusa da shi, ko babban asibitin kan hanyar Shendam wanda jama'a suka sani da sunan Dalhatu Araf. Gwaji biyu ne manya. Na farko a ba mutum wani farin ruwa mai kauri, bariyom, ya sha ana ɗaukar hoto, a ga inda ya tsaya da siffar tsukewar. Na biyu shi ne endoskofi, watau a zura siririyar roba mai fitila da kyamara ta baki a duba da ido, a ɗan tsinko naman wurin a kai ɗakin gwaji. Aikin minti kaɗan ne, akan fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, kuma shi kaɗai ke tabbatar da daji ne ko tabo. In abin ya bukaci ƙarin kayan aiki akan tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja inda ake gashi.

Mai zuwa ya tafi da duk magungunan da yake sha, na kemis da na gargajiya, ya kuma tuna watan da ya bar cin nama da watan da ya bar tuwo, domin likita zai tambaya. In an ba shi ranar endoskofi, akan ce ya zo bai ci komai ba tun dare, tare da wanda zai raka shi gida.